Abin da Aka Bar Mana a Gindin Tsamiya

Tun da na dawo daga Umara mutane ba su bar ni na huta ba. Kowa ya zo yi mini barka da sauka, in ya kurɓi zamzam ya jefa dabino a baki, sai ya gyara zama ya ce, "To Malam Garba, ya ka baro Makka?" In na ce lafiya lau, sai a ce ai ba a san ni da gajeren labari ba. Waɗanda suka fi matsa mini kuwa 'yan ƙungiyar wasanmu ne. Su ba Makka ce ta dame su ba, so suke su ji dalilin da ya sa kwana biyu da saukata na ɗauko leburori da gudumomi na fasa dandamalin da muka yi shekaru muna wasa a kai. Har an fara raɗe-raɗin cewa ranar Makka ta taɓa mini kai. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin makaranta ne a wani gari na ƙasar Sakkwato, kuma tun ina saurayi ciwon wasan kwaikwayo ya kama ni bai sake ni ba. A bayan gidanmu na gado akwai fili mai faɗi, da wata tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. Muna yara an hana mu wasa a gindinta. Ba a ɗaure akuya a wurin, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ba a ratsawa da takalmi. In ka tambayi dalili sai a ce aljanu ne da ita. Da na yi boko na dawo ina jin kaina, sai na ɗauki wannan a matsayin camfin tsofaffi. Ranar da gidan ya dawo hannuna na kira masu gatari suka kayar da ita, na sa aka zuba siminti a daidai gurbinta, aka yi dandamali. Har na hau kututturen na yi wa jama'a ɗan jawabi a kan yaƙi da camfi, aka tafa mini. Sunan ne kawai ya ƙi saruwa, don har yau Dandalin Tsamiya ake ce wa wurin.

Wasanmu da ya fi farin jini shi ne na zuwan Turawa. Ni ke fitowa a Bature, in shafe fuska da farar ƙasa, in kifa malfa, ina gwaranci, masinja yana biye da ni da kujera yana rawar jiki. Ana kiɗa ana taka rawa, mutane su yi ta dariya har da hawaye.

Tafiyar ta samo asali ne daga 'yata Rabi'atu, wadda ta je karatu wata ƙasa mai nisa inda Turawan su kansu baƙi ne, sun iske masu ƙasa suka ture su gefe. Da ta zo hutu muna hira a tsakar gida, sai ta ce a can kafin a fara wasa sai wani ya fito ya faɗi sunan ƙabilar da ke da ƙasar tun asali, ya amsa cewa ba da yardarsu aka karɓe ta ba. Na kwashe da dariya na ce, "Su da sunka ci ƙasar mutane ai dole su yi ta ba da haƙuri. Mu hwa? Mu anka ci."

Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, tana gefe a kan tabarma tana jan tasbaha. Ta haura tamanin, kuma ba ta cika sa baki a hirarmu ba. Sai kawai ta ce, "Garba, rage dariya. Hilin ga da kaka wasa bisa, ba namu na ba."

A ranar na ji abin da ba a taɓa gaya mini ba. Filin na wani masaƙi ne, Malam Isiyaku, maƙwabcin kakan mahaifina Tanko. Da Turawa suka ci ƙasar, Malam Isiyaku ya bi ayarin waɗanda suka ce ba za su zauna ƙarƙashin Nasara ba, suka nufi gabas a ƙasa. Ya bar wa Tanko wurin amana. Tanko kuwa ya zama masinjan Bature, kuma ranar da Baturen ya zo yana tambayar filayen waɗanda suka gudu, ya ce wannan nasa ne. Daga baya alhazai sun sha kawo saƙo daga Makka, a gaida gidan Tanko, a tambaye shi amana. Ba a taɓa mayar da amsa ba.

Gwaggo ta ce ita ma da laifinta. Shekarar da ta yi aikin Hajji ta sayi fura wurin wata mata a Jarwal, wata unguwa a Makka, matar ta ji harshenta ta tambaye ta garinsu, sannan ta ce ita ce Kulu jikar Isiyaku masaƙi, ko ta san gidan Tanko? "Nac ce ban sani ba. Na yi ƙarya ina hangen hasumiyar masallaci, Garba. Ban son in mutu da ita."

Wata uku na yi abin yana cina. Na zauna na rubuta sanarwa irin wadda Rabi'atu ta faɗa, wadda za a riƙa karantawa kafin kowane wasa. Amma na ga rashin kunya ne in karanta sunan mutane ba tare da sun ji ba. Don haka na yi niyyar Umara da buri biyu: in yi ibada, in kuma nemo Kulu in tana raye, in roƙa wa Gwaggo da gidanmu gafara. Tsarabar da na ga ta dace ita ce ƙasar filin. Na tsuguna a gefen dandamali na cika gwangwanin madara, na ɗaure bakinsa da tsumma.

Daga garinmu zuwa Kano mota na shiga, irin wadda ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Direban bai san amfanin birki ba sai in ya hango shingen jami'ai, kuma taya ta fashe mana a wani daji da kowa ya yi tsit yana waige-waige har aka canza ta. A filin jirgi na haɗu da Alhaji Ɗanlami, wani Bakano mai sayar da atamfa, wanda ya ce zuwansa na bakwai ke nan, kuma tun kafin mu gama gaisawa ya naɗa kansa jagorana. Ya ji na ce "munka taho" sai ya riƙe ciki don dariya. Daga nan bai ƙara kirana da suna ba, sai Munka.

Shi ya koya mini ɗaurin harami a cikin jirgi, amma koyarwar ba ta kama ba. Na sauka Jidda hannu ɗaya riƙe da jaka, ɗaya riƙe da mutuncina. A wurin binciken kaya wani matashin jami'i ya zaro gwangwanin, ya kwance tsumman, ya leƙa.

"Esh hada, ya hajj?" Wato mene ne wannan.

Na tattaro Larabcin makarantar allo na ce, "Turab." Ƙasa.

Ya shinshina, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina. Na ga alama magani suke zargi, ko wani abin tsibbu. Na yi bayani da Larabci ya ƙare, na koma Turanci, na ƙarasa da Sakkwatanci, harami yana zamewa. Cikin ladabi ya ce mamnu'u, an hana, ya jefa gwangwanin a wani babban kwandon shara. A layin da ke kusa kuma aka gano goron da Alhaji Ɗanlami ya cusa cikin butar alwala. A motar da ta kai mu Makka shi ne mai makoki. "Kai ƙasa aka karɓe maka, Munka, ƙasa da ke ko'ina. Ni fa farin goro ne." Na yi dariya, amma raina ya sosu, don na iso hannu wofi.

Masaukinmu a unguwar Aziziyya yake, ɗaki ɗaya mu huɗu, kuma babu abin da ya haɗa mu faɗa sai na'urar sanyaya ɗaki. Alhaji yana son ta kamar gidan ƙanƙara, ni kuwa gwiwoyina ba sa shiri da ita. Da safe akan sayo wani faffaɗan burodi mai zafi da ake kira tamis, a dangwala a dafaffen wake da mai. Ban raina shi ba, amma cikina kunu yake tambaya. Shayinsu a ɗan kofi ne wanda a garinmu in ka ba baƙo zai ce rowa ce. Gaisuwarsu kuwa irin tamu ce wajen tsawo, sai dai su ba sa jiran amsa, kowa tambaya yake jerowa a kan ta ɗan'uwansa.

A kan Umarar kanta ba zan ce da yawa ba. Da idona ya sauka a kan Ka'aba duk addu'o'in da na haddace suka gudu, na tsaya ina kuka kamar yaron da aka yaye. Abu ɗaya na iya roƙo a ɗawafi, Allah ya sa Kulu tana da rai.

Washegari na fita neman Jarwal da kwatancen Gwaggo: in ka hau tudu, lungu na uku, gida mai koriyar ƙofa. Na hau tudun. Babu lungu na farko balle na uku. Otal-otal ne dogaye, da wani wuri da aka share fes motocin gini suna kai da kawo. Na tsaya da takardata a aljihu ina jin kunyar kaina. Mutanen da aka raba da filinsu a can, ga shi a nan ma unguwarsu ta tashi.

A ɓangaren da ya rage na tsofaffin gidaje Hausa ake yi kamar kana Fagge, sai dai an yi mata yayyafin Larabci. Na tambayi wani tsohon tela Badamagare, wanda ya ce Hajji ya zo tun yana da baƙin gashi bai koma ba. Bai ɗago kai daga keken ɗinkinsa ba ya ce, "Mafi, ba mu san ta ba." Na tambayi mai aski, na tambayi mai gyaran takalmi, amsa ɗaya. Sai Alhaji Ɗanlami ya ja ni gefe ya ce, "Kai Munka, ka zo da biro a aljihu da takarda a hannu kana tambayar gidan mutane. Rabin waɗannan ba su da igama. Wa zai gaya maka?" Igama ita ce takardar izinin zama, kuma wanda ba shi da ita ba ya nuna wa baƙo ƙofar kowa. Na ɓoye biron.

A rana ta uku bayan la'asar muka tsaya wurin wata dattijuwa mai tuwo da miyar kuka a kuloli, idonta ɗaya a kan ludayi ɗaya a kan titi saboda motar 'yan sanda. Na ci tuwon kamar na shekara ban gani ba. Da na ambaci Kulu jikar Isiyaku masaƙi sai ludayin ya tsaya.

"Wa ke neman ta?"

Na so in ce wani ɗan garinsu. Na haɗiye na ce, "Jikan Tanko."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta zaro waya daga cikin mayafi, ta juya mana baya tana magana da Larabci. Da ta gama ta ce gobe war haka mu dawo nan.

Wanda ya zo ɗaukarmu ɗan Kulu ne, Adil, mutum mai kamar shekara hamsin, cikin farar jallabiya, haifaffen Makka. Hausarsa a karye take. "Ahlan. Kai ne Garba? Ummi ta ce taho." Bai yi murmushi ba. Mun yi nisa a mota kafin ya ƙara da cewa, "Mu mun san sunan Tanko, tun muna ƙanana." Ya ce a nan Takari ake ce musu ko da kakan kakansu a nan aka binne shi, kuma ya san in ya je Nijeriya Balarabe za a ce masa.

Gidan a wata unguwa yake can bayan duwatsu, hawa na uku. Hajiya Kulu tana zaune a kan gado an tokare ta da matasai, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanunta sun yi fari da yana. Aka kawo gahawa da dabino. Da ta buɗe baki sai na ji Sakkwatancin kakata tsantsa, irin wanda mu ma a gida mun daina ji. Matar da ba ta taɓa taka ƙasarmu ba ta jero mini iyakokin filin: gabas rijiyar marina, yamma burtali, kudu gidan Tanko, tsakiya tsamiya. Ta ce kakarta Hajo, matar Malam Isiyaku, ita ta sa ta haddace su kamar karatu.

Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Na zaro takardar na karanta: cewa wannan fili na Malam Isiyaku masaƙi ne da zuriyarsa, sun bar shi amana lokacin da Turawa suka ci ƙasa, kakanmu ya jingina da ikon Bature ya riƙe, mu kuma mun ci moriyarsa muna wasa a kai. Gaskiya na yi zaton za ta burge su, don na sha wuya wajen tsara ta.

Adil ya ce, "Kalam kwayyis, magana mai kyau. Ba'aden, sai me? Ka karanta, mutane su tafa, sai ku yi wasa?"

Na ce in suna son filin a shirye nake in mayar, da shaidu.

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Mi za ni yi da hili, ɗana, ni da ƙahwata ba ta kai ni bakin ƙohwa? Ba hili anka bar ma kakanka ba. Hili ai na Allah na." Ta gyara mayafinta. "Hajo na da ɗiya, Kulu, shekara ukku gare ta. Ƙyanda tad ɗauke ta kwana biyu kahin su tashi. Gari ya ruɗe, Nasara na tahe, babu mai zuwa maƙabarta. Anka ruhe ta gindin tsamiya. Ita ta amanar. Sunanta anka sa min."

Ta ce Hajo ta yi shekaru a hanya, ta yi noma a gonakin mutane a Sudan, ta tsallake teku, ta binne wasu 'ya'yan a wuraren da ba ta san sunansu ba. Amma wannan ɗaya ta san inda take, kuma ta san a hannun wa ta bar ta. Duk alhajin garinmu da ta samu sai ta ba shi saƙo a tambayi Tanko amana. Ba fili take nufi ba. So take kawai a ce mata kabarin yana nan, ba a taka shi. Har ta rasu tana jiran wannan amsa.

Ina durƙushe a wurin duk abin da aka hana mu muna yara ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, akuyar, ruwan wanke-wanken, takalmin.

Sai ta juyo da fararen idanunta wajena ta ce, "Tsamiyar na nan?"

Alhaji Ɗanlami ya matse mini yatsan ƙafa da nasa. Na gane nufinsa: tsohuwa ce, ba ta gani, ba za ta taɓa zuwa ba, ce mata tana nan. Wallahi na so in bi shawararsa. Amma ƙaryar Gwaggo na zo wankewa, ba zan ɗora tawa a kai ba.

"Na sare ta, Inna."

"Kai da kanka?"

"Ni na sa anka sare ta. Na zuba siminti wurin."

"Mi kuka yi bisa nai?"

"Wasan kwaikwayo. Da kiɗi, da rawa."

Can ta ce a hankali, "Mutane na dariya?"

Na ce suna yi.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ba ta yi kuka da sauti ba, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Ban taɓa jin na tsani kaina irin wannan lokacin ba. Adil ya miƙe ya buɗe ƙofar falo ya tsaya a gefenta, kuma ba sai an fassara mini ba. Mun yunƙura za mu tashi ta ɗaga hannu, ta yi masa magana da Larabci, ya saki ƙofar.

Ta tambaye ni ko ban san da kabarin ba. Na ce ban sani ba, na gaya mata zancen aljanu da duk abin da aka hana mu, da jawabin da na yi a kan kututture. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta share ido ta ce, "Ashe Tanko ya riƙe rabi. Ya ci hili, kunya ta hana shi hwaɗin ko ɗiyar wa ta, sai yat tsare ta da aljannu. Allah shi gahwarta mai." Wato mutumin da na zo ina ba da haƙuri a kan cin amanarsa ya tsare yarinyar iyakar rayuwarsa, 'ya'yansa da jikokinsa suka tsare ta ba tare da sun san me suke tsaro ba. Ni mai ilimin ne na kawo gatari.

Na isar da saƙon Gwaggo. Ta ce ai tun ranar ta gane ta, harshen garinmu ba ya ɓoyuwa, kuma ta daɗe da yafe mata. Sai na ce ni fa?

"Nawa na yahe maka, don ka hwaɗi gaskiya. Na Hajo da na yarinya ba hannuna shike ba, sai ka roƙi Allah. Takardarka ka karanta in kana so, amma ka sa sunanta ciki. Kuma ka ɗauke ƙahwahun mutane daga kanta." Ta ƙara da cewa zamzam ɗin da zan kai gida, kofin farko na ƙaramar Kulu ne, in yayyafa mata, in ce daga uwarta.

Da muka koma masauki muka zo ƙofar ɗaki, Alhaji Ɗanlami ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Garba, Allah ya ba ka ikon cikawa." Ranar ce kaɗai ya kira ni da sunana. Da muka koma Jidda za mu hau jirgi na riƙa kallon kwandunan shara kamar wani zautacce. Ƙasar da na cika gwangwani da ita, daga gefen dandamali na ɗebo ta, taku biyu daga inda yarinyar take kwance. Ban gaya wa Hajiya Kulu wannan ba, kuma ban sani ba ko daidai na yi.

Gwaggo na fara gani da na iso. Na ce mata an yafe, ta kifa kai a kan tabarma ta daɗe ba ta ɗago ba. Da na gaya mata sauran, ta ce ita ma aljanu aka ce mata, kuma ranar da aka kayar da tsamiyar ta kwana uku ba ta ci abinci ba, ba ta san dalili ba.

To 'yan ƙungiya, ga amsar tambayarku. Na sa an fasa simintin daga gefe zuwa tsakiya, kuma da aka kusa ƙasa na karɓe gudumomin muka kwashe sauran da hannu. Kututturen yana nan a ƙarƙashi, ya yi baƙi. Ba mu tona komai ba. Na yayyafa kofin farko na faɗi abin da aka ce in faɗa, muka kewaye wurin da gajeriyar katanga, na dasa 'yar tsamiya a gefe. Za mu ci gaba da wasa, amma can ƙarshen fili wajen burtali, kuma kafin a buga ganga za a karanta takardar, da sunan Isiyaku da Hajo da Kulu. Bature kuwa sai ku nemi wani ya fito, ni hannuna ya ƙi ɗaukar farar ƙasar nan tukuna.

Na aika wa Adil hoto. Ya kira ni ya ce ya kwatanta wa Ummi, tunda ba ta gani. Ba ta tambayi katanga ba, ba ta tambayi takarda ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko yanzu wurin shiru.

Shekaranjiya da hantsi jikata Nana ta ɗora ƙafa za ta haye katangar tana bin wata 'yar kaza. Maiɗakina ta fito da gudu ta cafke ta, na ji ta fara cewa, "Ke, ba a shiga nan, akwai alja..." Na dakatar da ita. Na ɗauki Nana na ɗora a cinyata a bakin katangar, na nuna mata wurin da yatsa.

Na ce, "Ba aljanu ba ne. Wata yarinya ce ke kwance a nan, sunanta Kulu. Shekararta uku, kamar ke."